Rabin Ɗa

Duk wanda ya tashi a tsallaken tafkinmu kafin a gina gada ya san Aulis Kinnunen ko bai so ba, domin ba ka da hanyar kasuwa ko coci ko asibiti sai ta cikin jirginsa. Jirgin fito ne irin mai bin igiyar ƙarfe, yana ɗaukar 'yan motoci da duk mai ƙafa da ya samu wurin raɓawa. Aulis ya ƙare ƙuruciyarsa yana kai shi yana dawo da shi tsakanin gaɓa biyu. Bai taɓa gwara shi da gaci ba, bai kuma taɓa ɓata yawunsa wajen yi wa fasinja sannu da zuwa ba.

Ba wai mugu ba ne. Mutum ne da ya ɗauki magana kamar ƙusa, a buga ta inda ya dace sau ɗaya a tashi. Kuma yana da wata aƙida, wai kowane abu a kira shi da cikakken sunansa. To harshenmu na masu haɗe-haɗe ne. In abu ya zo ba shi da suna, sai mu ɗauko kalma biyu mu manne su su zama guda. Firiji a wurinmu ƙanƙara-kabad ne, tabarau ido-gilashi, magogin baki haƙori-buroshi. Burodin nan da matanmu ke cusa wa ƙananan kifi su gasa kuwa kifi-zakara ne, kada ka tambaye ni inda zakaran yake. Kowa yakan gutsure irin waɗannan sunaye in yana sauri, amma ban da Aulis. Yakan ce wanda ya saba barin kalma a rabi, aiki ma a rabi zai bar shi.

Ya daɗe bai yi aure ba, har mutane sun cire rai, sai ga shi ya auri Terttu, wadda itace ya faɗo wa mijinta a wurin saran daji, ya mutu ya bar ta da ɗan yaro mai suna Jouni da ko makaranta bai shiga ba. Agola a bakinmu poikapuoli ne. Poika ɗa, puoli rabi. Wanda ya fara manne waɗannan biyun ban san abin da ya ci ba a ranar, amma haka muka gada.

Yaron ya liƙe wa Aulis tun makon farko. Da rani yakan bi shi jirgi, ya kifa tsohuwar hularsa da ke rufe masa kunnuwa, ya riƙe sarƙar ƙofa kamar shi aka ɗauka aiki. Wata rana wata baƙuwa daga birni ta sauke gilashin motarta ta ƙare musu kallo.

"Wannan ɗanka ne ko? Har tsayuwar iri ɗaya."

"Poikapuoli," in ji Aulis, idonsa na kan gaɓa.

Matar ta ce, "Au," ta ɗaga gilashinta. Yaron bai saki sarƙar ba. Ƙafafunsa kawai ya gyara, ya daina irin tsayuwar.

Terttu ta ji, domin a garinmu labari yakan riga jirgi ƙetarewa. Ta bari sai da ya zauna cin abinci.

"Aulis, rabin nan da kake maƙalawa, wa ya tambaye ka shi?"

"Abu da sunansa, Terttu. Yaro yana da uba, ga hotonsa can a bango. In ce nawa ne in yi wa mamaci sata?"

"Mamacin da kake sa rigar sanyinsa? Matarsa da ka ɗauke fa, ita kyauta ya ba ka?"

Ya ci gaba da ɓare dankalinsa. Gaskiyar da bai faɗa mata ba, wataƙila bai ma faɗa wa kansa ba, ita ce tsoro yake ji. Yana gudun ranar da yaron zai girma, ransa ya ɓaci, ya dube shi ya ce ai kai ba ubana ba ne. Sai ya gwammace ya riga shi faɗa. Ranar ba ta taɓa zuwa ba, amma shi bai daina riga-kafin ba. A gaban malaman makaranta haka ya ce, a gaban limamin coci haka, ranar auren Jouni ma da ya tashi gabatar da kansa ga dangin amarya haka ya ce, har da gyara murya.

Abin haushin shi ne duk abin da uba ke yi Aulis ya yi. Shi ya koya wa yaron zura raga a ƙarƙashin ƙanƙara, shi ya goya shi zuwa gida ranar da ya karye a wasan zamiya, shi ya kai shi bariki da lokacin aikin soja ya yi, ya tsaya a bakin ƙofa har aka daina hango ƙeyarsa. Jouni kuwa Aulis yake ce masa, da ya girma ya koma ce masa tsoho. Ba su taɓa faɗa ba, ba su kuma taɓa wata doguwar hira ba.

Aka gina gada, aka ja jirgin aka kai wani tafkin, Aulis ya yi ritaya. Bayan wasu shekaru Terttu ta rasu. Mutane suka ce shi ke nan, igiyar da ta ɗaure mutanen biyu ta tsinke. Sai ga shi kowace Asabar motar Jouni na ƙofar gidan. A lokacin ya zama direban babbar motar katako, furfura ta fara fito masa, yana zaune a cikin gari da matarsa Sirpa. Zai ƙwanƙwasa ƙofa kamar baƙo, ya faskara itace, ya hura ɗakin sirace, su shiga su zauna gumi na zuba ba mai ce wa wani kanzil, su fito su sha kofi, ya ce sai Asabar.

Wata safiya cikin kaka Aulis yana tonon dankali jijiya ta toshe masa a ka. Maƙwabcinsa Veikko ne ya tsince shi kwance tsakanin kunya biyu. Veikko tsohon mai kiwon shanu ne da ya sayar da shanun ya riƙe surutun, kuma ranar surutun ya yi rana, don shi ya kira motar asibiti ya hana su sakat har suka iso.

Hannun dama ya dawo a hankali. Ƙafa ta dawo da ɗan ja. Baki ne ya ƙi. Gajerun kalmomi suna fitowa in ya yi haƙuri, kofi, ruwa, sanyi. Amma duk kalmar da aka ɗinka da biyu, kanta zai fito, wutsiyar ta maƙale. Ya nemi magogin baki, ya ce haƙori, nas ta shiga laluben haƙoran roba a aljihun tebur, shi da nasa talatin da wani abu suna nan daram. Ya nemi tabarau, ya ce ido, aka kira likita ya zo ya haska masa fitila. Hatta 'yan jelar nan da muke maƙala wa kalma don a gane gida za ka ko daga gida kake, su ma sun zube. Sai ya ce gida, ya bar mai sauraro da duba. Aka ba shi alƙalami ko zai fi, alƙalamin ya tsaya daidai inda baki ke tsayawa.

Da a ce mantuwa ce da da sauƙi. Kalmar tana nan cikakkiya a kansa, yana hango ƙarshenta kamar yadda yake hango gaɓar tsallake, jirgin ne kawai ke mutuwa a tsakiyar ruwa. Mutumin da ya yi shekaru yana gyara wa mutane magana, yau shi ake yi wa murmushin da ake yi wa jarirai. Ya tsani murmushin, ya tsani masu ƙarasa masa kalma, ya fi tsanar kansa in ya ji yana jira a ƙarasa masa. Ya koma rufe ido in ya ji tafiyar masu dubiya.

Jouni yana zuwa kullum in ya ajiye mota. Wata rana da yamma yana zaune gefen gado yana yanka masa kifi-zakara da 'yar wuƙar aljihu, wata sabuwar nas ta shigo awon jini.

"Baba Kinnunen, wane ne wannan mai shagwaɓa ka da abincin gida?"

Aulis ya shirya bakinsa kamar yadda ya saba shiryawa tun yaron na rufe kunne da hula.

"Poika," ya ce. Ya tura, ya sake turawa, sauran ya ƙi.

"Ai na ga alama," in ji nas ɗin. "Ka yi sa'ar ɗa." Ta naɗe kayanta ta wuce gado na gaba.

Wuƙar Jouni ta tsaya a cikin burodin. Ya ajiye ta, ya ce bari ya duba ko ya kulle mota. Ya daɗe. Da ya dawo gashin goshinsa a jiƙe yake, idanunsa sun yi ja, ya zauna ya ci gaba da yanka yana ta ba da labarin wani direba da ya kafe a laka, labarin da ba kai ba gindi.

Aulis ya san abin da ya yi niyyar faɗa. Yana iya gyarawa, abu ne mai sauƙi, ya ɗaga hannun hagu ya sara tafin dama a tsakiya, Jouni zai gane. Ya yi tunanin hakan. Hannun na nan a kan bargo bai motsa ba. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ta wanda aka yi wa godiyar kyautar da ta faɗo masa daga aljihu.

Da aka sallame shi, sai gidan ya canza. Jouni ya daina ƙwanƙwasa ƙofa. Yakan faɗo tsakiyar mako, ya buɗe firiji ya ci abin da ya samu, ya miƙe ƙafa a kujerar Terttu, ya yi wa tsohon faɗa a kan gishiri. Har gardama suka fara yi, ɗaya da baki, ɗaya da buga tebur. Wata rana yana tsaye yana ɗora kofi, ya ba Aulis baya, ya ce:

"Sirpa ta matsa mu koma birnin Oulu, kusa da 'yarmu, tunda ta haihu. Na ce mata a dakata. Ba a barin uba a wannan hali."

Ya faɗi kalmar da sauri kamar mai tsallake kwata. Aulis ya dubi ƙeyarsa, wani daɗi ya ratsa shi har yatsun ƙafa, kunyar ta biyo bayan daɗin ta zauna a kansa.

Veikko ma ya ji labarin asibiti, ya zo da nasa.

"Kyaftin, ashe bugun jini ne maganinka. Da na sani ai da tun Terttu na da rai na kwaɗa maka itace a ka."

Aulis ya yi dariyarsa ta gefe ɗaya. Da Veikko ya tafi ya daɗe zaune bai kunna fitila ba.

Duk Laraba Jouni yakan kai shi cikin gari wurin Outi, matashiyar da aikinta shi ne mayar wa irinsu baki. Tana da katuna masu hotuna, tana da haƙurin da ke ba Aulis haushi. Jouni yakan jira a waje. Ranar nan cikin hunturu sai ta leƙo ta ce ya shigo, gara na gida su san yadda za su taimaka. Ta ɗaga hoton firiji.

"Ƙanƙara," in ji Aulis.

Ta ɗaga na tabarau.

"Ido."

"Ka gani?" ta ce da Jouni. "Ba mantuwa ba ce, ya san kalmar sarai. Kalma in biyu ce a haɗe, sai kai ya jera su ya ɗaure kafin baki ya furta. Mu ba ma jin ana yi. Shi ɗaurin ne ya lalace masa, ta farko ta fito, ta biyun ta tsaya. Saboda haka in ya faɗi gajeruwar kalma, kar ka ɗauka a nan ta ƙare. Ka tambayi kanka ko akwai saura a baya."

Jouni ya juya hularsa a hannu.

"Kowace kalma?"

"Kusan kowace. Ba zaɓa yake ba."

"Har irin sunayen dangantaka?"

"Su ma. Ita cutar ba ruwanta da ma'ana."

Yarinyar ba ta yi laifin komai ba, aikinta ta yi, kuma ta yi shi da kyau. Aulis ya kafa wa hoton tabarau ido kamar bai taɓa ganin tabarau ba. Da ƙasa za ta tsage da ya shige, amma ƙasarmu a wannan watan ko da gatari ba ta tsaguwa.

A hanya Jouni ya kunna rediyo. Suka hau gada, suka sauka, ba wanda ya dubi wani. Ya shigar masa da cefane, ya jera komai a firiji, ya tsaya a bakin ƙofa yana sa safar hannu.

"To, tsoho. Sai Asabar."

Ya tafi ya bar ruwan kofi a kan wuta. Ranar Asabar ya zo a kan lokaci, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya jira a ce ya shigo.

Bai yi fushi ba, bai rage komai ba. Itace ya faskaru, ɗakin sirace ya huru, dusar ƙanƙara ta kwashe daga ƙofar gida. Kujerar Terttu ce kawai ta koma ba kowa. Da zagi ya yi da Aulis ya fi samun sauƙi.

Dogon hunturun nan Aulis ya yi shi yana juya abu ɗaya. Ya gane cewa abin da bakinsa ya faɗa bisa kuskure shi ne gaskiya, abin da ya yi shekaru yana faɗa daidai shi ne ƙaryar. Gane wannan bai yi masa wuya ba. Wuyar ita ce yadda zai sanar. Gajeruwar kalmar ta mutu a bakinsa, ko sau nawa ya faɗe ta Jouni zai ji akwai saura a baya. Sai bakin da ke iya faɗin doguwar ne in ya faɗi gajeruwar za a san zaɓa ya yi. Ashe dole ya koma ya kamo kalmar da ya tsana, ya fito da ita har wutsiya a gaban Jouni, ya ce ba ita ba, sannan ya faɗi ɗayar. Kalma uku ke nan a jere: ei, wato a'a, sai doguwar, sai gajeruwar. Ta farkon bai damu da ita ba. Duk garin ba wanda ya kai shi iya cewa a'a.

Laraba ta gaba ya ture katunan Outi gefe. Ya ce poika, ya sara tafinsa a tsakiya, ya nuna bakinsa. Ta yi ta canka har ta dace.

"Poikapuoli? Ita kake so mu koya? Ba firiji ba, ba maganinka ba?"

Ya gyaɗa kai.

Ta dubi ƙofar da Jouni ke zaune a bayanta, ta dawo da idonta kansa. Ya ga lokacin da ta tuna tambayar da aka yi mata, ya ga kunnuwanta sun yi ja, ya kuma ga irin mutumin da ta ɗauke shi. Ba shi da bakin da zai wanke kansa. Ya haɗiye wannan ma.

"Shi ke nan," ta ce, muryarta ta koma ta aiki zalla. "Buga tebur da hannun hagu. Bugu ɗaya rabin farko, bugu ɗaya na biyu. Kada ka tsaya a tsakani, ka ja su kamar waƙa. Amma ka sani, in ka tara ƙarfinka a babbar kalma, ƙananan da ke gefenta su ne ke zillewa."

Ya ji, bai sa a ka ba. Ya buga tebur a wurinta, ya buga a gida, ya buga gefen gado. Wani lokaci kan ya fito, wani lokaci wutsiyar ta fito ita kaɗai, ya ji kansa yana ce wa bango rabi, rabi. Wani lokaci su fito a juye. Bai taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba, shi da ya sha fasa ƙanƙara da hannu don jirgi ya wuce.

Da tafki ya narke sai ya tura ƙaramin kwalekwalensa ruwa, don a gida yana jin kamar hoton bangon na sauraronsa. Da sassafe zai fita tsakiya, ya ja filafili ya ce poika, ya mayar ya ce puoli. A nan ne ta fara haɗuwa. Ya manta abin da shi ya fi kowa sani, cewa ruwa ba ya riƙe sirri, maganar da aka yi a tsakiyar tafki a kwance take isa kowace gaɓa.

Veikko ya tare shi yana ɗaure kwalekwale.

"Kyaftin, matata ta ce in tambaye ka, wa kake yi wa kiranye da sassafe? Agwagin tafkin nan duk sun haddace. Jiya ma na gamu da Jouni a gidan mai, na ce masa tsohonka fa ya dage, duk kalmomin duniya ya bar su ya kama guda ɗaya, wai sai ya…"

Ya tsaya. Karo na farko a rayuwarsa Veikko ya ji abin da bakinsa ke faɗa. Ya sosa ƙeya, ya ce kamar ya bar wani abu a wuta, ya juya. Aulis ya tsaya da igiya a hannu, ya rasa yadda ake ƙullin da ya yi shekara da shekaru yana yi.

Asabar ta zo da rana mai kyau. Suna jera itacen hunturu mai zuwa a rumfa, Jouni na turowa a baro, Aulis na ɗorawa ɗaya bayan ɗaya da hannun hagu. Jouni ya juye baro, ya share goshi, ya yi magana yana duban itacen.

"Sirpa ta samu gida a Oulu. Ƙarshen wata za mu tashi. Na yi magana da ofishin gunduma, za su riƙa turo mai duba ka. Veikko ya ce zai riƙa hura maka ɗakin sirace, in ka iya jure bakinsa. Ka ji sauƙi yanzu, ai ba ka buƙatar mai gadi."

Aulis ya ajiye itacen da ke hannunsa. Bai shirya ba, ya so ya ƙara ko mako biyu, amma ya ga in ba yau ba babu. Ya kama hannun rigar Jouni. Bai tuna rabon da ya taɓa shi ba tun ranar goyon. Jouni ya dubi hannun, ya dube shi.

Ya saki rigar don yana buƙatar hannun. Ya ɗora shi a kan jerin itacen. Ya ja numfashi, ya tattara duk abin da ke jikinsa ya aika can ƙarshen kalmar, inda jirgi ke mutuwa. Ya buga, ya sake bugawa.

"Poikapuoli."

Ta fito cikakkiya, tas, ba gargada, da muryar da ke tsayar da motoci a bakin gaci. Ita ce doguwar kalma ta farko da ya faɗa a gaban mutum tun ranar dankali. Sai da ta gama fita ya ji wurin da 'yar ƙaramar nan, ei, ya kamata ta tsaya a gabanta, ba kowa a wurin.

Jouni ya yi murmushi, murmushi na gaske, wanda ya fi komai ciwo.

"Ka ga. Har wutsiya. Veikko ya ce kana ta fama da ita. Sannu da ƙoƙari, tsoho, Outi za ta ji daɗi."

Aulis ya girgiza kai. Ya sake kamo rigar.

"Poika," ya ce. "Poika."

"Kar ka matsa wa kanka. Sau ɗaya ma ai ya isa yau. Na san sauran."

Ya zare rigarsa a hankali, kamar mai gudun kada ya ji wa tsohon ciwo, ya ɗauki baro. Aulis ya bi 'yar kalmar nan da gudu a cikin kansa. Harafi biyu ne kacal, ya faɗe ta ga masu son tsallake layi, ga masu roƙon ya jira su, ga Terttu ba adadi. Gumi ya keto masa, yana jin ta tana tahowa daga nesa.

Jouni ya kai bakin rumfa ya waiwayo.

"Akwai wani abin da kake so ka ce mini?"

"Ei," in ji Aulis. Sai a lokacin a'ar ta iso.

"To shi ke nan," Jouni ya ce. Ya tura baron ya tafi ɗebo sauran itacen.